Goron Salla na bana: littattafai kan ƴanci da kasuwa, da amsa ga masu cewa baƙi ne a Adar

Idan Salla ta gabato, malamin makaranta a Madawa ko Buza ko Keita yakan zauna da albashinsa kamar mai rabon gadon da bai kai yawan magada ba. Wannan na shadda, wannan na tela, wannan na takalman yara, wannan na goro da ƴan silallan barka da salla. In kuwa ta Layya ce, rago ya haɗiye abin da ya saura har da na watan gobe. A cikin wannan lissafi duka ban taɓa jin wanda ya ware jika biyu domin littafi ba, kuma ni kaina na yi shekaru ina cikin masu wannan laifi. Mu ne muke tsayawa gaban allo muna gaya wa yara cewa ilimi gishirin zaman duniya ne, amma ranar da ake nuna ƙauna da abin hannu sai mu nuna ta da yadi.

Saboda haka a wani zama na ƙungiyarmu ta raya al'adu na kawo shawara cewa bana kowane ɗayanmu ya ba wani ƙaramin malami ko tsohon ɗalibinsa littafi guda a matsayin goron salla, kuma mu zaɓi waɗanda suka yi magana a kan ƴancin ɗan Adam da ƴancin kasuwa. Kashin farko na shawarar ya samu karɓuwa. Da aka zo kan na biyu, wani dattijo daga cikinmu, wanda ya koyar da rabin masu zaman, ya gyara hularsa ya ce: “Malam, waɗannan ai littattafan Bankin Duniya ne. Abin da ya cinye mu shi za ka naɗe a takarda ka ba yaranmu?” Aka yi dariya, aka wuce zuwa batun kuɗin shayi. Ban amsa masa a wurin ba, domin girmansa ya wuce a yi masa gardama gaban almajiransa. A nan zan amsa, kuma na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba a ɗakunan malamai na jihar Tawa.

Da farko dai, dattijon bai yi magana a kan iska ba. Malamin Nijar yana da dalilin jin ɗaci idan aka ambaci sakin kasuwa. Tun daga 1983, da kuɗin yuraniyom suka ja baya bashi ya taru, ƙasar ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, daga baya da Bankin Duniya. Aka tsuke ɗaukar ma'aikata, aka taɓa guzurin ɗalibai. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai suna zanga-zanga a kan irin waɗannan matakai. A Janairun 1994 aka wayi gari darajar sefa ta ragu da rabi. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka cika azuzuwa da malaman kwantaragi masu albashin da bai kama ƙafar na magabatansu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

To amma abin da aka yi mana a waɗancan shekaru umurni ne daga masu bin bashi zuwa ga gwamnatin da ba ta da zaɓi. Ba a tambayi manomi ba, ba a tambayi mahauci ko mai tallar ƙosai ba. Ƴancin da nake magana a kansa wani abu ne da kakanninmu suka san ɗanɗanonsa kuma suka san zafin rashinsa: mutum ya noma abin da ya ga dama, ya kai inda ya ga ya fi daraja, ya sayar ba tare da wani mai sanda ya tsaya masa a hanya ba. Wanda ya karanta littafin Farfesa Djibo Hamani na 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa ya san cewa ƙasar nan mahaɗa ce tsakanin Abzin da Gobir da Kabi, kuma ayari ya daɗe yana ratsa ta kafin a san wani abu wai shi banki. Wanda bai karanta ba, ya je Tunfafi ranar kasuwa, ko Sabon Gida lokacin cirar albasa, ko Tamaske, ya gaya mini wane Bature ne ya koya wa waɗannan mutane ciniki.

Don haka littafin farko da zan sa a hannun ƙaramin malami bai fito daga Landan ba. Kitabul Farƙi ne, ƙaramin littafin Larabci na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, wanda kuma malaminsa Malam Jibrila ɗan Umaru ya zauna a wannan ƙasa tamu. A ciki Shehu ya jera ɗabi'un sarakunan da yake zargi da zalunci, ya kira su da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, gaisuwar da ake kai wa mai mulki kafin ya saurari ƙara, naman da sarkin kasuwa ke yanka daga mahauta kowace ranar kasuwa, audugar da ake ɗiba daga masu sayarwa. Har da wani haraji da ake kira kuɗin salla, abin da ya sa littafin ya dace da wannan lokaci fiye da yadda na so. Ka karanta wannan jeri, sannan ka hau motar albasa daga Madawa zuwa Abijan ko Akara ka ƙirga wuraren da direba zai sauka da takardu a hannu ɗaya da wani abu a ɗaya hannun. Sunaye sun canza, tufafin masu karɓa sun canza. Mai son bayanin zamani a kan yadda wannan karɓa ke gudana a tashoshi da ofisoshin duwan ya nemi État et corruption en Afrique na 2007, wanda Giorgio Blundo da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta, kuma Nijar tana cikin ƙasashe uku da aka yi binciken a cikinsu.

Malamanmu na zaure ma sun san cewa an roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi a Madina lokacin da kaya suka yi tsada, bai yarda ba. Hadisin yana cikin Abu Dawuda da Tirmizi. Sun kuma san cewa ya hana ɓoye abinci don ya yi tsada, ya hana tarbar ayari a bayan gari a saye kayansa kafin masu shi su san farashin kasuwa. Zan komo kan waɗannan hani biyu, domin su ne rabin maganata.

Na biyu shi ne Muƙaddima ta Ibn Khaldun, wadda ya rubuta a 1377 a wata ganuwa da ke cikin Aljeriya ta yau. Akwai ta da Larabci wurin masu sayar da littattafan addini, akwai kuma fassarar Faransanci ta Vincent Monteil da ta Abdesselam Cheddadi. Ba na cewa a karanta ta duka cikin hutun Salla. Babi biyu sun isa: wanda ya nuna cewa daula a farkonta takan aza haraji kaɗan ta samu da yawa, a ƙarshenta kuma ta aza da yawa ta samu kaɗan domin mutane sun daina himma, da wanda ya nuna cewa idan mai mulki ya shiga kasuwa da kansa yana saye yana sayarwa, talakawa sun cutu, baitulmali ma ya cutu. Mun gwada wannan a Nijar. A 1962 aka kafa SONARA aka ba ta ikon fitar da gyaɗa, aka kafa COPRO-Niger aka ba ta ikon shigo da kayan masarufi. An yi haka da kyakkyawar niyya, don a ƙwace ciniki daga kamfanonin Turawa. Amma manomi ya ci gaba da karɓar farashin da wani ya yanka a ofis, kuma duk lokacin da Najeriya ta fi biya, buhuna sukan bi dare su tsallaka iyaka. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka ƙarasa abin da ya saura. Albasa kuwa, wadda ba a taɓa kafa mata kamfanin gwamnati mai saye shi kaɗai ba, ta tashi daga rijiyoyin fadamar Tarka da Magiya, da guga da shaduf sannan da injin ban ruwa, ta bi hanyar ƴan'uwa da masu masauki har ta zama sananniya a kasuwannin bakin teku. Hausawa sun ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. A nan kam gara da ba ta yi halin gyaɗa ba.

Kada kuma a ɗauka ina yi wa attajirai kirari. Littafin Emmanuel Grégoire na 1986, Les Alhazai de Maradi, ya nuna yadda manyan ƴan kasuwar Maraɗi suka tashi daga sayen gyaɗa wa kamfanonin Turawa zuwa safarar kaya tsakanin Nijar da Najeriya, kuma mai karatu mai lura zai ga cewa dukiya da yawa ta samu ne ta lasisi, da bashin banki, da kusanci da masu mulki. Wannan littafi yana cizon ɓangarori biyu, shi ya sa nake son sa. Babban ɗan kasuwa ba ya ƙin shinge in dai shi ke riƙe da mabuɗin. Adam Smith da kansa, a littafinsa na 1776 a kan arzikin al'ummomi, ya yi gargaɗi cewa ƴan sana'a ɗaya ba safai suke haɗuwa su watse ba tare da sun ƙulla yadda za su tsawwala wa jama'a ba. Waɗanda suke zagin Smith da waɗanda suke yi masa kirari sun yi tarayya a abu ɗaya, wato ba su kai wannan shafi ba.

Ga wanda Faransancinsa ya nuna amma haƙurinsa gajere ne, babu kamar Frédéric Bastiat. Ƙaramin littafinsa na 1850, Ce qu'on voit et ce qu'on ne voit pas, ana gama shi tsakanin la'asar da isha'i. Darasinsa guda ne: kowace doka tana da sakamakon da ido ke gani nan take, tana da wanda ke ɓoye a gidan wani da ba a gayyace shi taro ba. Mu mutanen bakin iyaka mun fi Faransawa cancantar wannan littafi. Najeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986, a tsakiyar fari, har talakawa suka raɗa wa yunwar lokacin suna El-Buhari. Ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A 2023 takunkumin CEDEAO ya rufe hanyar Ƙonni da ta Gaya. Kowane lokaci masu yanke hukunci sun faɗi abin da suke gani, shinkafar gida ko matsin siyasa. Ba su ga buhun albasa yana ruɓewa a bayan mota ba, ba su ga ɗan cirani daga Buza da ya kasa aiko da kuɗin hatsi ba. Kuma adalci ya tilasta mini in ce mu ma mukan yi wa kanmu. A Oktoban 2024 aka hana fitar da hatsi da wake zuwa ƙasashen da ba na ƙawancen Sahel ba. Abin da ake gani shi ne sauƙin farashi ga mai saye a birni, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Bastiat zai ce a tambayi manomin wake na Karofane nawa ya sayar da tiyarsa, kuma nawa zai shuka baɗi. Tambaya ce kawai, amma ɗalibin da ya koyi yin ta ba zai ƙara zama abin yaudarar kowane mai lasifika ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina kuwa tana tsaye a gonakinmu. A ƙarƙashin dokar daji ta mulkin mallaka ta 1935, da wadda ta gaje ta a 1974, itatuwa masu daraja irin su gawo suna hannun hukuma ko da a tsakiyar gonarka suka tsiro, kuma sare reshe na iya jawo tara. Me manomi zai yi da tsiron da zai girma ya zama na wani, ya kuma jawo masa ma'aikacin daji? Sai ya kashe shi tun yana ƙarami. A kwarin Magiya na ƙasar Buza, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska da taimakon ƙungiyar CARE, kuma da itatuwan suka girma tambayar da ta taso ita ce wa ke da ikon sara da sayarwa. A Keita, babban aikin da Italiya ta ba da kuɗinsa FAO ta gudanar tun 1984 ya dasa miliyoyin itatuwa, ya gina madatsun ruwa, ya farfaɗo da faƙo. Ba mai musun amfaninsa. Amma a Maraɗi da Damagaram, da hannun hukuma ya yi sauƙi manoma suka tabbata cewa itacen da suka raina nasu ne, sai suka riƙa barin tsiro yana girma a gonaki, har masu bincike suka ƙiyasta hekta kusan miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, ba tare da an dasa su ba. Dokar daji ta 2004 ta biyo bayan abin da manoma suka riga suka yi. Wanda yake son tunani mai zurfi a kan wannan ya nemi Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009. Littafinta na 1990 da aka fassara zuwa Faransanci a 2010 ya nuna cewa akwai dukiyar da ba ta gyaruwa a hannun gwamnati ko a hannun mutum ɗaya, sai a hannun jama'ar da ta tsara wa kanta ƙa'ida. Makiyaya, burtali da rijiyar gari suna cikin wannan aji, kuma duk wanda ya taɓa zama a sasanta manomi da makiyayi zai gane maganarta tun shafin farko.

Yanzu kuma bari in juya ga ɗaya ɓangaren, domin dattijonmu ba shi kaɗai nake gardama da shi ba. Akwai samari masu wayar hannu da suka haddace cewa kasuwa maganin kowace cuta ce, a sake ta kawai. Waɗannan zan ba su Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rubuta a shekarun 1930, labarin yaron da aka sace aka ƙetara da shi hamada, da uwar da ta fita nemansa ita ma ta faɗa hannun masu sayar da mutane. Wannan ma kasuwa ce, da dillalai da farashi da riba. Daular da Shehu ya kafa, duk da Kitabul Farƙi, ta cika da bayi, kuma gaskiya ba ta yarda mu yaba littafin mu rufe ido ga wannan ba. Kada kuma wani ya ce tsohon labari ne. A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani tana da shekara 12 a kan jika 240, a nan jihar Tawa, ta zama wahayya. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta laifin da ake hukuntawa, bayan gwagwarmayar ƙungiyar Timidria da aka kafa a 1991. Ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun CEDEAO ta samu ƙasar da laifin kasa kare ta, ta yanke a biya ta sefa miliyan 10. Mai jin Ingilishi ya nemi From Slavery to Aid na Benedetta Rossi, na 2015, wanda ya bi tarihin aiki da bauta a Adar tun 1800, har zuwa matan da suka ɗauki duwatsu a aikin Keita ana biyan su da abinci yayin da mazansu ke cirani. Littafi ne a kanmu, kuma abin kunya ne a ce an fi karanta shi a Ingila fiye da Ibohamane. Wanda bai mallaki kansa ba, buɗe iyaka da rage haraji ba su shafe shi ba.

Haka kuma shekarar 2005. Hatsi yana kasuwa, amma farashinsa ya wuce hannun talaka, kuma an yi jinkirin rabon kyauta don gudun ɓata kasuwa, yara suka riƙa cika cibiyoyin tamowa a Keita da Maraɗi. Amartya Sen, wanda ya ga yunwar Bengal ta 1943 yana yaro, ya nuna a littafinsa na 1981 cewa mutane kan mutu da yunwa alhali abinci na nan, domin abin da suke da shi na saye ya rushe. Littafinsa na 1999, wanda ya fito da Faransanci da sunan Un nouveau modèle économique, ya ɗauki karatu da lafiya da bakin magana a matsayin sassan ƴanci, daidai da ikon saye da sayarwa. Manomin albasa da ya ci bashin taki da mai, dole ya sayar lokacin cira da farashi ke ƙasa, cikin buhun da dillali ya ɗora wa hula, alhali wanda ke da rudu da jari zai ajiye har kaya su yi daraja, wannan manomi yana cikin kasuwa, amma kasuwa a kai miki dole ce. Hanin ɓoye abinci da hanin tarbar ayari da na ambata ɗazu, ga inda suke aiki.

Ga ɗaliban sakandare, abu ɗaya ya isa: Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell a 1975. Ba ya buƙatar sharhi, kuma yaran za su gane aladun da kansu.

Saura ƙorafi guda da ya fi na dattijonmu nauyi: ina littattafan, kuma da wane harshe? Gaskiya ne babu kantin da zai sayar maka da Ostrom a Buza, kuma yawancin abin da na ambata da Faransanci ne ko Larabci ko Ingilishi. Amma motocin da ke zuwa Yamai da Sakkwato da Kano suna dawo mana da shadda da kayan babur kowane mako, ba su taɓa cewa littafi ya yi musu nauyi ba. Tsofaffin littattafai irin na Bastiat da Smith kuwa suna intanet kyauta, mai injin buga takarda a bakin tasha zai fitar maka da su. Batun harshe kuma aikinmu ne. A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Harshen ƙasa da ba a iya karanta gardamar haraji da farashi a cikinsa ba, hular sarauta ce ba ƙasa. Bastiat ya rasu a 1850, ba mai haƙƙin mallaka da zai tare mu. Malaman Faransanci uku da malamin Hausa ɗaya za su iya fassara ƙaramin littafinsa cikin babban hutu, malaman Larabci su yi wa Kitabul Farƙi haka, a kai wa maɗaba'a irin Gashingo a Yamai, ko a fara bugawa kashi-kashi a wannan mujalla, shafin Hausa yana kallon na Faransanci.

Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana nazarin Hausawan Maraɗi, ya rubuta littafi a 1986 a kan yadda kyautar biki da cinikin kasuwa suke tafiya tare a wurinmu; kyautarmu ba ta rasa lissafi, yaba kyauta tukwici. Ni ma na sa wa tawa sharaɗi. Na sayi Shaihu Umar biyu, na buga Bastiat kwafi uku na ɗinke su wurin tela. Duk wanda ya karɓa, tukwicinsa shi ne ya zo zaman ƙungiya na farko bayan Salla ya faɗi wuri ɗaya da marubucin ya yi kuskure. Kwafi na uku na dattijonmu ne, kuma zan kai masa har gida bayan saukowa daga idi, tare da goronsa na kullum.